Ƙarar tafet da cinyewar kamshaf a injin a-kori-kura: tambayoyin da ake yawan kawo mana a sina'iyya, unguwar makanikai

Da wuya mako ya fita a warsharmu, wato garejinmu, ta nan Jidda ba a shigo da Silverado ko Sierra ko Ram tana ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki ba. Mai motar zai ce jiya lafiya lau ya ajiye ta, mu kuwa da muka saba mun san ciwon ya daɗe yana tafe. 'Yan'uwanmu da ke jigila tsakanin Makka da Jidda da masu tuƙa motocin iyayen gidansu kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi, shi ya sa na tattara su wuri guda. Zan riƙa kawo sunan da Larabawa ke kiran kayan, don da shi za ka yi ciniki a shago.

Malam, wai mene ne tafet ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da kamshaf?

Kamshaf doguwar sandar ƙarfe ce mai tozo-tozo. A nan za ka ji ana ce mata amudul kamat, wasu su ce amudut taiman. A injin V8 na GM da na Hemi guda ɗaya ce tak, tana kwance a tsakiyar inji, sama da karanshaf, kuma sarƙa ce ke haɗa su. Idan karanshaf ya zaga sau biyu, ita sau ɗaya take zagawa. A kan kowane tozo akwai tafet, wanda Larabawa ke kira takaya, jam'insa takayat. Guda 16 ne, biyu ga kowace silinda. Tozo ya ɗaga tafet, tafet ya tura sandar turi, sandar ta ɗaga roka, roka ta danna bawul ya buɗe. A gindin kowane tafet akwai 'yar taya da ke birgima a kan tozon, cikinta kuma siraran allurai ne na ƙarfe masu aikin boris. Cikin tafet ɗin kansa baƙin mai ne ke cika shi ya ƙi lotsewa. Ka ga ke nan da mai yake rayuwa, ta ciki da ta waje.

Me ya sa aka fi jin wannan matsala a Jims (motocin GM) da Ram, ba a cika jin ta a Hilux ba?

Ginin ba ɗaya ba ne. Hilux da Shas, wato a-kori-kurar Land Cruiser, kamshaf ɗinsu a saman kan inji yake, babu sandar turi, babu kuma irin tafet mai kashe silinda. Suna da nasu ciwon, amma ba wannan ba.

Manyan wanit, wato a-kori-kura, na Amurka kuwa an sa musu dabarar rage shan fetur. GM ta sa wa tata suna AFM, ta shigo manyan a-kori-kurarta a 2007. Idan kana tafiya a miƙaƙƙen titi ba ka taka totur sosai ba, kwamfuta tana kashe silinda huɗu, wato ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7, motar ta koma tafiya da huɗu. Tun daga 2019 aka kawo DFM, wadda ke iya kashe kowace silinda cikin takwas ɗin, da salo 17 na jeranta tashin wuta. Ma'anarsa ita ce a AFM tafet takwas ne masu sakata a ciki, a DFM kuwa duka 16 ɗin. Ram mai injin Hemi 5.7 tata dabarar MDS ake ce mata, ita ma 1 da 4 da 6 da 7 take kashewa.

Yadda abin ke aiki shi ne, cikin irin wannan tafet akwai 'yan sakata guda biyu da ke riƙe ɓangaren ciki da na waje su zama abu ɗaya. In kwamfuta tana son kashe silinda sai ta buɗe wa mai hanya, ƙarfin man ya tura sakatar ciki, tafet ya riƙa hawa da sauka a banza, bawul na rufe. In ta janye man sai sifirin ya mayar da sakatar mazauninta. Wannan kulle da buɗewar yana faruwa ba adadi a tafiya guda daga Jidda zuwa Makka. Ran da mai ya yi datti, ko ƙarfinsa ya ragu, ko sakatar ta shiga a kan kuskuren lokaci, sai tafet ya maƙale a lotse. Daga nan silindar ta mutu.

To kamshaf ɗin fa, me ke cinye shi?

Wannan ciwo na biyu ne, kuma shi ya fi cin kuɗi. Alluran da ke cikin 'yar tayar ne ke lalacewa, tayar ta daina birgima ta koma jan ƙafa a kan tozon. Ƙarfe na gugar ƙarfe, tozon ya yi ta zaizayewa har ya kwanta. Wani lokaci kuma robar da ke riƙe tafet huɗu-huɗu don kada su juya ita ce ke sakwarkwacewa, tafet ya karkace, tayar ta koma tafiya a gicciye. Hemi ta yi suna a wannan ciwon, kuma ba sai tafet na MDS ba, har na sauran silindar yana yi. Duk garin ƙarfen da ya zube kuwa cikin mai yake shiga, ya bi ko'ina a injin.

Alhaji ya ce ƙarar ba komai ba ce, wai haka motocin nan suke. Ta yaya zan bambance?

Alhaji yana da gaskiya rabi. Akwai ƙara uku da ake rikita su da ta tafet.

Injin GM daga 2014 zuwa sama yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don haka nozul da famfon fetur mai matsi suna yin wani siririn tis-tis mai sauri. Lafiya ce, haka aka yi shi. Sai kuma kusoshin bakin salansa da ke karyewa, musamman a Hemi. Ita wannan da safe take tashi da ƙarfi, inji na ɗumama ƙarfe ya buɗe ya toshe kafar, sai ta ragu ko ta ɓace, kuma sau da yawa za ka ga baƙin hayaƙi ya bar tabo a wurin. Ta uku ita ce ƙarar 'yan daƙiƙu bayan mota ta kwana biyu a ajiye, kafin mai ya hau sama.

Ƙarar tafet da ya mutu ba ta tafiya in inji ya yi zafi. Daga sama take fitowa, kuma tana bin rabin gudun inji. In mota tana silo a kan 600, kamshaf yana 300 ke nan, ƙarar za ta riƙa bugawa kamar sau biyar a daƙiƙa. In ka ji ƙyaƙ-ƙyaƙ kamar kukan tsuntsu haɗe da ita, 'yar tayar ce ta fara jan ƙafa. In ƙarar ta haɗu da misin, wanda ake ce wa taftafa a nan, mota tana rawa a danja, fitilar inji ta kama, to magana ta ƙare. Ƙara mai nauyi daga ƙasa kuwa, dum-dum, wannan ba tafet ba ne, ka kashe mota nan take.

An sa kwamfuta ta nuna P0300 da P0306. An ce in sayi bawaji da kuwailat, wato filogi da koyil. In saya?

Kada ka yi gaggawa. P0300 tana nufin misin ne a warwatse, P0306 kuma silinda ta 6 ce ke yi, lambar ƙarshe ita ce lambar silindar. Kwamfuta ta faɗi inda ciwo yake ne kawai, ba ta faɗi mene ne ciwon ba. Gwajin da ba ya cin ko riyal ɗaya shi ne a ɗauke koyil da filogin silinda ta 6 a musanya da na maƙwabciyarta. In misin ya bi su ya koma can, to su ne. In ya tsaya a 6, sai a buɗe murfin bawul na wannan ɓangaren a juya inji ana kallon roka. Wadda ba ta motsi, ko take motsi kaɗan ba kamar 'yan'uwanta ba, ita ce ta tona asiri. A zare sandar turinta a mirgina a kan gilashi, in ta lanƙwashe za a gani.

Silinda 1 da 3 da 5 da 7 suna ɓangaren direba, 2 da 4 da 6 da 8 suna ɗaya ɓangaren. Na sha ganin an sayi filogi cikakken saiti a banza, kuma Hemi guda 16 take ci, ba takwas ba.

Abu ɗaya game da GM na 2007 zuwa 2013: sun yi suna da shan baƙin mai, har filogin silinda ta 1 da ta 7 su jiƙe su yi baƙi. Nan sabon filogi zai kwantar da misin na ɗan lokaci, amma ka riƙa duba ma'aunin mai kowane mako, don mai da ya yi ƙasa shi ne ke kai ka ga mutuwar tafet.

Zan iya lallaɓawa da ita zuwa ƙarshen wata, in na karɓi albashi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni tausayi, don na san halin da ake ciki. Amma ga lissafin. Tafet da ya lotse yau, mai yiwuwa kamshaf bai taɓu ba tukuna. Kowace tafiya da ka ƙara, buguwar da yake yi tana cin tayar da tozon. In tozo ya tafi, garin ƙarfe ya shiga famfon mai da boris na karanshaf, sai aikin kan inji ya koma tawdib, wato kwance inji gaba ɗaya a sake haɗa shi. Ga kuma fetur da silindar ba ta ƙone ba yana gangarawa salansa yana dafa abin da 'yan gida ke kira indomi, a nan dabbatul bi'a, ita ma ba arha ba, kuma hayaƙin zai iya kayar da kai a fahas dauri, wato gwajin lafiyar mota na hukuma. In fitilar inji tana ƙiftawa, ba wai ta tsaya cak ba, gargaɗi ne cewa misin ɗin ya kai matakin ɓarna. Ka faka ka kira saɗaha, motar ɗaukar mota, ta ɗauko ta. In dole sai ka ajiye ta har ƙarshen wata, ajiye ta a kashe. Hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if da irin wannan inji kuwa, ko da wasa.

Ba za a iya zuba magani a mai ya saki tafet ɗin ba?

In datti ne ya sa tafet yana ɗan ƙara amma babu misin, sabon mai da sabon sifon, wato matatar mai, kan taimaka. In sakatar ciki ta lalace ko tayar ta cinye, babu ruwan gwangwanin da zai mayar da ƙarfen da ya tafi. Akwai masu buɗe farantin rabon mai da ke saman inji su daki tafet ɗin ya saki. Yakan saki, motar ta tashi lafiya, mai ita ya yi murna. Abin da ya sa ya maƙale yana nan, zai sake.

Me ya sa aikin yake da tsada haka, alhali tafet ɗan ƙaramin abu ne?

Saboda hanyar isa gare shi. A injinan nan ba a iya zaro tafet sai an ɗauke kan inji, abin da muke kira tof silinda. Kafin ka kai ga kan, sai ka sauke bututun iska na sama da bakin salansa da roka da sandunan turi. In har da kamshaf, ta gaba yake fita, don haka lagireto da famfon ruwa da fulin karanshaf da murfin sarƙa duk sai sun sauka. Kuɗin hannu ne ya fi yawa a irin wannan aiki, kuma shi ya sa nake cewa in an buɗe a gama gaba ɗaya.

Ni kaina na taɓa biye wa wani bawan Allah da ya nace a canza masa tafet biyu kawai na silindar da ta mutu. Na yi masa. Ba a jima ba ya dawo, na ɗaya ɓangaren ya tafi, muka sake kwance abin da muka ɗaure, ya sake sayen gaskit da kusoshi. Har yau in muka haɗu a masallaci sai ya yi mini dariyar abin, amma ranar ba wanda ya yi dariya.

To me da me ya kamata in gani a takardar kayan?

Tafet duka 16 in an taɓa kamshaf, don ba a ɗora tsohuwar taya a kan sabon tozo. Robobin da ke riƙe su guda huɗu, sababbi, ko da tsofaffin sun yi kyau a ido. Gaskit na kai. Kusoshin kai sababbi, domin irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, ba a maimaita su, haka ma babbar kusar fulin karanshaf a injin GM. A AFM akwai farantin rabon mai da ke tsakiyar inji a sama, mai ɗauke da solonoid huɗu. Sau da yawa shi ne mafarin ciwon, don in yana yoyo ta ciki yakan tura wa tafet mai a lokacin da bai dace ba. A canza shi, tare da 'yar rariyar da ke ƙarƙashin sansar ƙarfin mai, abu ne ɗan mitsitsi amma toshewarsa na jawo babbar ɓarna. In inji na 2014 zuwa sama ne, bututun fetur masu matsi da zoben bakin nozul su ma sau ɗaya ake amfani da su, kuma a duba tafet ɗin famfon fetur, domin shi ma a kan kamshaf yake hawa ta baya.

Tunda gaba a buɗe yake, a dubi sarƙa da abin da ke ɗame ta, da famfon mai, da ɗan zoben robar bututun da ke zuƙo mai daga kasko. Zoben nan in ya bushe famfo yana zuƙar iska, mai ya yi kumfa, tafet kuma ba ya son kumfa. Kan injin kuma a kai shi makharaɗa, wurin masu feƙe ƙarfe, a gwada ko ya banƙare, a duba bawul ɗin silindar da ta yi ciwon.

Ka ce a rubuta maka komai a fatura, wato rasit, har da harajin kashi 15, kuma ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan ka gani da idonka.

Asli ko tijari, wato kayan kamfanin motar ko na kasuwa?

A gaskit da ƙananan abubuwa akwai tijari mai kyau. A tafet ba na caca. Abin da sai an ɗauke kan inji kafin a kai gare shi ba wurin rangwame ba ne. Kuma kwali mai tambari ba shaida ba ne, jabu sun cika kasuwa, ka saya a wakala, wato dilan kamfanin, ko shagon da zai ba ka fatura da garanti.

Yaya za a san ko garin ƙarfe ya riga ya lalata injin?

A yanka sifon a buɗe takardar ciki a rana. In tana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, a sauke kaskon mai a duba boris ɗaya ko biyu. A Hemi ta 2009 zuwa sama akan zaro solonoid ɗin da ke sarrafa lokacin kamshaf a dubi rariyarsa, in ta cika da ƙarfe to garin ya zaga ko'ina. In boris sun karce, sabon kamshaf a wannan inji asarar kuɗi ce. Sai dai tawdib ko wani injin. Na'urar sanyaya mai da bututunta su ma suna ɓoye gari, a wanke su sosai ko a canza.

In na ɗauko inji daga tashlih, kasuwar kayan motocin da aka kwance, fa?

Yana yiwuwa, a Jidda da Riyad ba a rasa su. Sai dai ka tuna injin da za ka ɗauko shi ma irin tafet ɗin ne a cikinsa. Ka buɗe murfin bawul ka ga ko ciki ya yi baƙin kunu, ka tabbatar shekararsa da nau'insa sun dace da kwamfutar motarka, ka nemi kwanakin gwaji a rubuce. Mafi kyau ma a canza masa tafet tun yana ƙasa kafin a ɗora, lokacin aikin ya fi sauƙi.

Ana cewa a cire AFM ɗin kwata-kwata a huta. Gaskiya ne?

Hanya biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Ta farko 'yar na'ura ce da ake soka wa a ramin kwamfuta ƙarƙashin sitiyari, ko a rufe tsarin ta barmaja, wato sauya saitin kwamfutar motar, motar ta zauna a silinda takwas kullum. Wannan yana rage kulle da buɗewar sakata, amma tafet ɗin nan dai suna ciki, tayarsu na iya mutuwa, kuma ba ya tayar da wanda ya riga ya lotse. A motoci masu giya shida, in ka sa ta a M5 ma tsarin ba ya shiga.

Ta biyu ita ce cirewa ta gaske yayin da inji yake buɗe: kamshaf marar AFM, tafet na gargajiya duka, farantin sama marar solonoid, a toshe hanyoyin man, sannan a yi barmaja. Rabi-rabi ba ya yi, domin tozon silindar AFM yankansa daban ne, in ka ɗora masa tafet na gargajiya ka sayi sabuwar matsala. Za ka ɗan ƙara shan fetur a doguwar hanya. A ra'ayina, ga tsohuwar mota da garantinta ya ƙare kuma kamshaf ɗinta ya riga ya tafi, wannan hanya ce mai ma'ana. In kuwa motar tana ƙarƙashin garanti, kada ka taɓa komai, kai ta wakala da takardun juyenka. In motar uban gidanka ce, sai da saninsa.

Na ji an yi kiranyen injin 6.2. Wannan ciwon ne?

A'a. Kiranyen da GM ta yi a 2025 na injin 6.2 na motocin 2021 zuwa 2024 ne, kuma maganar karanshaf da sandunan fistan ce, can ƙasa. In kana da irinta, ka ba wakala lambar shasi su duba maka.

Wane mai zan riƙa zubawa? A banshar, wurin masu faci da juyen mai, an ce zafin nan sai 20W-50.

Wannan shawarar ta zamanin tsofaffin motoci ce. Sakatar tafet da solonoid an auna su ne da mai mai wani kauri, in ya yi nauyi ba ya shiga da fita a kan lokaci. GM na 2007 zuwa 2013 5W-30 ne, kimanin lita 5.7. Na 2014 zuwa 2018 0W-20 ne mai tambarin dexos1, kimanin lita 7.6. Hemi 5.7 mai MDS 5W-20, kimanin lita 6.6. Ka bi abin da ke rubuce a murfin mai da littafin motarka.

Abin da ya fi kaurin man muhimmanci a nan shi ne yadda muke amfani da motocin. Zafi yana haura 45 a Makka, ga ƙura, ga cunkoson Ramadan da na aikin Hajji. Sai kuma ɗabi'armu ta barin mota a kunne saboda mukayyif, wato AC: ƙofar makaranta, ƙofar asibiti, jiran Hajiya ta gama sayayya a kasuwa. A silo ƙarfin mai yana ƙasa, man da ke fantsamuwa ya jiƙa tozo ya ragu, kilomita kuma ba ta ƙaruwa, sai direba ya ɗauka mansa sabo ne. Ford tana lissafa awa ɗaya a silo daidai da tafiyar kimanin kilomita 40. Silverado da Sierra suna nuna awannin inji a allon gaban direba, ka riƙa dubawa. Ni motar da ke irin wannan zama ina ce wa mai ita ya yi juye a kilomita 5,000, da sifon mai kyau, ko da allon bai nema ba.

An gama aiki. Me zan kula da shi a kwanakin farko?

Kafin a tayar, bakanike ya shafe tozo da taya da man haɗi, ya kuma juya inji ba wuta har ƙarfin mai ya hau. In an tashe ta aka ji 'yar ƙara ta mintoci, iska ce ke fita daga sababbin tafet, tana wucewa. Wadda ta wuce rabin awa inji na da zafi, a koma a duba. Kamshaf mai taya ba ya buƙatar a riƙe totur na tsawon lokaci kamar na tsofaffin injina. Ka yi tuƙi na hankali, kada ka ɗora mata kaya masu nauyi ko tirela a makon farko, ka riƙa leƙa ruwan lagireto da safe don iska kan rage a ciki. Bayan kamar kilomita 1,000 ka dawo a zubar da man, a sake yanka sifon mu gani tare.